Sarƙar Shatu da Ƙaiƙayin Wuyana

Da sunan Allah nake buɗe baki. Ni ce Tasalla mai daddawa, daga wani ƙauye kusa da Kiru. Duk wanda ya ci kasuwar Kwanar Dangora a zamanin soja ya san ƙwaryata, ya kuma san ba a kayar da ni a zance. Alƙalami dai bai taɓa zama a hannuna ba. 'Yar ƙanena da ke koyarwa a firamare ita ke rubuta wannan, na kuma ce in ta gama ta karanta min, don ban yarda da maganar da ta shiga takarda ba sai na ji ta fito yadda na sa ta. Ina faɗa ne saboda mata, musamman masu surukai a gida, don ciwon da na yi a fata yake, amma saura ƙiris ya ci auren ɗana.

Sale ɗana ne na uku, yana dillancin hatsi a Kwana. Ya tafi Burumburum sayen masara, ya dawo min da zancen 'yar Fulani. Ban hana ba, ban kuma yi guɗa ba. Aka kawo Shatu. Aiki kam tana da shi, tuwonta ba gudaji. Abin da ya tsaya min a rai shirunta ne. Shekara guda muna gida ɗaya ban san kalar ƙwayar idonta ba. In ta kawo abinci sai ta durƙusa a bakin ƙofa, ta turo kwano, ta ja da baya. Ba ta ci a gabana, ba ta sha a gabana, in na yi tambaya ƙasa take ba amsa. Aka ce min kunyar Fulani ce. Na ce mu ma muna da kunya, amma tamu tana da baki.

Ta je gida ta haihu, ta gama wanka, ta dawo da ɗa namiji a tsakiyar bazara. Washegari na shiga ɗaki na tarar da 'yar ƙwarya a kan gadona an rufe da faifai. Na buɗe, sai ga sarƙa da 'yan kunne masu ruwan gwal, irin waɗanda suka fara cika kasuwa a lokacin, suna ta ƙyalli. Sale ya ce tsarabata ce, da kuɗin man shanunta ta saya, kunya ta hana ta miƙa min a hannu. Ni tun da aka huda min kunne azurfar uwata nake sawa, ta maƙera, sai ɗan murjani. Amma kaya sun yi kyau, ba zan ɓoye ba. Na adana su sai bikin jikar yayata Kande a Bebeji.

Zafi ake kamar a bakin murhu, ga rawa, ga gumi. Ban cire sarƙar nan ba ko da barci. Kafin a watse biki kunnuwana sun yi zafi sun kumbura, wuyana ya yi jan layi kamar akuyar da igiya ta ci, yana ƙaiƙayi yana tsattsafo ruwa. Yaya Kande ta ja ni bayan rumbu.

“Ke Tasalla, wa ya shaƙe ki?”

“Zafi ne, Yaya.”

“Zafin ne ya san ya zagaye wuya daidai inda sarƙa ta kwanta? Wa ya ba ki?”

“Surukata.”

“A hannu ta ba ki?”

“A kan gado na tarar.”

Ta riƙe baki. “Kyautar da ta guji hannu ai aike ce. Cire, tun ba ta shiga jini ba!”

Na cire, na ƙulle a tsumma. Mako bai cika biyu ba wuyana ya bushe, kunne ya saɓe. To ku gaya min, wace mai hankali ce za ta ga haka ta ce ba komai? Na sa, na yi ciwo. Na cire, na warke. Ruwa ba ya tsami banza.

Na fara zuwa wurin malamin unguwarmu. Ya saurare ni har na gama, ya ce, “Baba Tasalla, zato zunubi ne. Ga rubutu ki sha don samun sauƙi, amma kada ki ɗora wa yarinya abin da ba ki gani ba.” Na sha rubutunsa, na ajiye nasiharsa. Yaya Kande ta kai ni wurin wani mai magani da ke baza kolinsa a gefen kasuwa. Shi bai ɓata min lokaci ba. Ya ce an yi min aike ta ƙarfe, kuma ƙarfe ke karya ƙarfe. Ya ba ni zoben tsari na farin ƙarfe, da laya, ya ce in maƙala ta da fil a cikin riga yadda za ta riƙa taɓa fata.

Mako bai zagayo ba yatsana ya yi ƙuraje masu ruwa a ƙarƙashin zoben. Ƙirjina ma, daidai inda fil yake, ya yi ja kamar an ɗiga min tafasasshen mai. Na koma masa a fusace. Ya duba, ya gyaɗa kai kamar an yi masa albishir.

“Faɗa suke yi, Hajiya. Abin ya zo ya tarar da tsari, shi ne yake huci. Kada ki kuskura ki cire. Ƙarawa za a yi.”

Ya ƙara min warwaro. Wuyan hannu ya kama. Na matsar da layar daga ƙirji zuwa ƙugu, ciwo ya bi ta ƙugu. Na mayar da ita kafaɗa, ya hau kafaɗa. Na ce lalle wannan abu yana da ido, kuma mai idon tana cikin gidana.

Damina ta sauka ina cikin wannan hali. Na daina cin abincin Shatu. In ta turo kwano sai in zuba wa kaji in zauna ina kallonsu. Kajin nan ba su taɓa ƙiba irin ta shekarar ba. A kasuwa kuma masu sayen daddawa suka fara kallon hannuna kafin su kalli ƙwarya. Wata ta ce ƙazwa ce, wata ta rage murya ta ambaci babban ciwo, wato kuturta. Ni Tasalla, da ake layi a gabana! Kowa kuma da maganinsa: a shafa man kaɗanya, a yi wanka da ganyen darbejiya, a bar cin kifi, a bar cin ƙwai. Duk na yi. Zobe da warwaro da fil kuwa suna nan a jikina, don su ne masu gadina.

Rannan da hantsi na kira Sale tsakar gida, ban rage murya ba.

“Ko ni ko ita.”

“Inna, me ta yi?”

Na miƙa masa hannu. “Ga abin da ta yi. Ka tambaye ta abin da ta sa a sarƙa.”

Shatu tana bakin murhu tana jinmu. Na jira ta taso ta rantse, ta yi kuka, ta kira iyayenta shaida. Ko tari ba ta yi ba, ta ci gaba da tuƙa tuwo. Na ce a raina, mai gaskiya ai da ta yi magana. Ban san a wurinsu yarinya ta buɗe baki ta musa wa uwar miji ya fi zargin kansa muni ba.

Kasuwa ta gaba wanta ya zo ya tafi da ita da jaririn. Sale bai sake ta ba, ya ce wa mutane ganin gida ta je. Sai mahaifinta ya aiko da saƙo a mutunce: in an gama girbi shanunsu za su tashi su yi kudu, wajen Doguwa. In har lokacin ba wanda ya zo biko, a aiko wa 'yarsa da takardarta.

Ta tafi, ciwo bai tafi ba. Na ce wani abu ta binne min a gidan. Na sa aka haƙe bakin ƙofata, aka tono katangar tsohuwar tukunya da tsutsa. Sale ya daina hira da ni. Zai gaishe ni, ya ajiye cefane, ya fita. Ɗakin matarsa a rufe.

Ana cikin haka wata maƙwabciyata a kasuwa ta ce allura ce maganin ciwon da ya ƙi ji. Na shiga wurin wani mai kemis a Kwana, ya tsira min. Ban kai tasha ba jikina ya ɗauki wuta. Borin jini ya feso min ko'ina, rudu-rudu, kamar an zane ni da bulala. Leɓe ya kumbura, ido ya rufe, numfashi ya koma kamar ta cikin tsinke nake ja. Allah Ya sa yaran tasha sun san ni, suka kira Sale. Abin da na iya tunawa shi ne a asibiti wani ma'aikaci yana ta faɗa yana tambayar wace allura aka yi min. Suka yi min tasu, abin ya lafa kafin la'asar. Allah Ya saka wa mutumin nan, duk da bakinsa ba daɗi. Shi ya duba hannuna da ƙirjina ya ce wannan kuma daban ne, sai likitan fata a Zariya.

Na ce ba inda za ni, ciwona ba na asibiti ba ne. Sale ya durƙusa a gabana.

“Inna, ban taɓa saɓa miki ba. Ki bi ni Zariya. In likita ya ce bai ga komai ba, da hannuna zan rubuta takardar.”

Da wannan sharaɗin na shiga mota. Masarar da yake ɓoyo sai ta yi tsada ya fitar ya sayar.

Babban asibiti gari ne guda. Layin kati daban, layin biya daban, kowane da mai tsawa a bakinsa. Muka yini a benci, aka ce likitan fata ba kullum take zama ba, mu dawo. Muka sauka a gidan wani abokin cinikin Sale, matarsa ta riƙe ni kamar uwarta, ko da yake sai da na ga 'ya'yanta sun sa hannu a kwano kafin na ci.

Ran da muka samu shiga, sai na ga likitar mace ce, 'yar siririya, ba ta kai Sale a haihuwa ba. Ta yi ta tambaya kamar alƙali: yaushe ya fara, a ina, me na sa, me na shafa. Sannan ta kama hannuna.

“Mama, cire zoben nan mu gani.”

“Ba ya fita.”

“Ya matse ne?”

“An ce kada ya fita.”

Ba ta yi dariya ba, wannan kam na yaba mata. Ta ɗaga warwaron ta leƙa ƙarƙashi, ta sa na nuna mata inda fil yake. Ta ce ciwona biyu ne. Borin jinin da ya kusa kashe ni, allurar mai kemis ce jinina ya ƙi. Ta rubuta sunan maganin a ɗan kati, ta ce duk mai shirin tsira min allura in fara nuna masa. Na biyun kuwa tana da zato, amma ba za ta faɗa ba sai ta gwada.

Gwajin shi ne, aka kawo wasu 'yan ƙananan abubuwa kamar maɓallan riga jere a kan filasta, kowane da ɗigon wani abu a ciki. Nas ta manna min su a gadon baya, ta zana alama da biro. Likita ta ce kwana biyu kada ruwa ya taɓa wurin, kada in sosa, kada in shiga rana in yi gumi. Alwala ba laifi.

Na ce, “Wato ke ma laya za ki ɗaura min.”

A nan ta yi dariya. “Tawa tana da ranar cirewa, Mama.”

Kwana biyun nan na yi su a zaune kamar amarya. Wuri guda a bayana, ƙasan kafaɗar hagu, ya riƙa ci na, irin cin da na sani. Da muka koma aka ɓare filastar, nas ta kawo madubi biyu don na ce sai na gani da idona. Duk wuraren lafiya lau, sai guda ɗaya ya yi ja ya tashi. Aka ce in ƙara kwana biyu in dawo. Da na dawo ya yi 'yan ƙuraje masu ruwa, sak na yatsana.

Likita ta ce, “Abin da ke ƙarƙashin wannan sunansa nikel. Ƙarfe ne da ake gaurayawa a sarƙoƙin kasuwa, da zobba, da fil, da agogo, har da mukulli. Wasu ba ya yi musu komai. Ke jikinki ya ƙi shi, in gumi ya haɗa ku sai fata ta tashi. Ba a warkewa, gudunsa ake yi.”

“Sarƙar da aka ba ni fa?”

“Ko wa ya ba ki, ko ke kika saya, haka za ta yi miki.”

Ta rubuta man shafawa da ƙwayoyin rage ƙaiƙayi. Na yi godiya. Amma da muka fito na ga Sale ya tsaya da nas ɗin suna magana ƙasa-ƙasa, fuskarsa kamar an ba shi kujerar Makka. Sai zuciyata ta ce, Tasalla, yaron nan matarsa yake so. Wa ya san abin da ya gaya musu kafin ki shiga? Wa ya ga abin da suka ɗiga a maɓallin nan? Ni ba a yi min wasa da hankali a garin da ba nawa ba.

A tasha na ce masa zan sayi goro. Na kutsa cikin kasuwa har na sami wani mai koli da ban taɓa gani ba, shi ma bai taɓa ganina ba. Na nuna wasu 'yan kunne masu ƙyalli a cikin ledarsu, ba a taɓa buɗewa ba. Na biya, ban faɗi sunana ba, ban faɗi garinmu ba. Kowa ya san aike sai da suna, ko gashi, ko ƙasar sawu. Wannan bawan Allah ba shi da ko ɗaya.

Da muka iso gida na rufe ɗaki. Na cire zobe da warwaro. Layar ban yar da ita ba, da sunan Allah a ciki, na dai zare fil ɗin na rataye ta da zare. Na ɗaure ɗan kunnen mai koli a cikin damtsen hagu da tsumma, na ɗaure azurfar uwata a na dama. Ban gaya wa kowa ba. Na ci gaba da dakan kalwa ina gumi.

Bayan kwana uku na kwance ɗaurin. Dama sumul. Hagu kuwa ga zanen ɗan kunne nan a fatata, har da 'yar ƙugiyarsa, ja wur, yana ruwa. Yatsana da ƙirjina, da suka rabu da masu gadinsu, sun fara bushewa. Na daɗe zaune a bakin gado ina kallon hannuwan nan biyu. A waje ana ta yankan dawa, ni kuma na san abin da gama girbi yake nufi.

Sale ya ce zai tura kawunnansa biko. Na ce, “Kawunnanka ba su iya magana ba, ɓata min al'amari za su yi. Nemo mota.” Na sa riga mai rufe wuya, na kwance tsumman nan, na ɗauko sarƙar Shatu na rataya a kan rigar, na yafa mayafi.

Muka sauka a Tudun Wada, acaɓa ta ƙarasa da mu rugar. Mun tarar har an fara ɗaure kaya, ƙore a cikin raga, tabarmi a naɗe. Sale ya tsaya wurin maza, ni aka kai ni wurin uwar Shatu. Ta shimfiɗa min tabarma, ta kawo nono, muka gaisa har gaisuwa ta ƙare. Sannan ta ce, tana kallon gefe:

“Mun ji an ce 'yarmu ta iya abin da ba mu koya mata ba.”

Na yaye mayafi. Sarƙa ta ɗauki rana.

“Mai tsoron abu ba ya rataya shi a wuya ya yi tafiyar yini,” na ce. “Ƙarfen ne ba ya shiri da jinina. Likitar Zariya ta faɗa ban yarda ba, sai da na gwada da kaina. 'Yarku ba ta da hannu. Na zo in tafi da ita da mai gidana ƙarami, kajina sun gaji da cin tuwon da ba nasu ba.”

Ta aika a kira 'yarta. Shatu ta zo da goyo, ta durƙusa nesa, kai a ƙasa kamar kullum. Ta rame. Can sai na ga kanta yana ɗagowa a hankali, ya tsaya a wuyana. Ran nan na fara ganin idonta, ashe manya ne. Sai ta yi magana, magana cikakkiya ta farko da ta taɓa yi min:

“Inna, maƙullin yana taɓa ki ta baya.”

Ta taso, a gaban uwarta, ta zagaya bayana, ta ɗaga sarƙar ta tura bakin mayafi a ƙarƙashinta. Ni kuma wani abu ya shiga min ido, na ce hayaƙin rugarsu ya yi yawa.

Da ita muka dawo. Shanu suka tashi ba ita.

Yaya Kande har ta koma ga Allah tana cewa yarinyar ta saye likita. Mai maganin nan kuwa na neme shi in mayar masa da ƙarafansa, aka ce ya yi gaba. To ga abin da zan gaya muku. In kun ga ƙaiƙayi ya zauna daidai inda ƙarfe ke zama, kunne ne, wuya ne, yatsa ne, ku fara tuhumar ƙarfen kafin ku tuhumi mutum. Kada ku bari a tsira muku allura a kan zato. Ku je a manna muku layar likita, wahalar layi ce kawai. Ban ce ku yarda da kowa ba, ni ma har gobe ba na yarda. Amma in za a yi zargi, a gwada shi a damtse tukuna.

Kwana kaɗan da dawowarta na je buɗe ɗakina, na ji mukullin ya canza a hannuna. Na duba, an naɗe kansa da zare tsaf. Na je ɗaukar bokiti, an naɗe mariƙinsa da tsumma. Almakashina ma haka. Ba wanda ya ce min komai, ni ma ban tambaya ba. Da azahar aka turo kwano daga bakin ƙofa, kaji suka taho da gudu kamar yadda suka saba. Na kore su, na wanke hannu.